Wuyan Yaro Ake Dubawa Kafin A Ɗaga Majinginin Keke

Wasiƙun da suka zo wa filinmu na lafiyar ƙananan yara a wannan karon, galibi daga Zariya da kewaye, kusan duk a kan magana ɗaya suke: yaushe jariri zai tashi daga kwance ya zauna. Mun zaɓi guda biyar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata huɗu da sati ɗaya. Babansa ya sayo masa keken jarirai a wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, mai gadon kwanciya da kuma kujerar da ake ɗorawa in an cire gadon. Yanzu da na kwantar da shi sai kuka, yana ta ƙoƙarin ɗago kai. Surukata ta ce zama yake so, in sa masa kujerar. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wata nawa ya kamata ya kai?
Daga wata uwa, Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana shi. Ki ƙara barinsa a kwance tukuna. Yawancin masu ƙera waɗannan kekuna wata 6 suke rubutawa a jikin kujerar, amma wannan ƙiyasi ne kawai. Wuyansa da bayansa za ki duba.

Kan jariri sabon haihuwa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin jikinsa, na babba kuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas ne. Ga kai da nauyi, ga wuya bai yi ƙwari ba. In aka zaunar da shi sosai, kan sai ya rinjayi wuyan, ya faɗo gaba, haɓa ta manne da ƙirji. Hanyar numfashin jariri faɗinta bai fi ɗan ƙaramin yatsansa ba, ga ta da laushi, saboda haka in wuya ya lanƙwashe sai ta matse kamar tiyon ruwa da aka naɗe. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sau da yawa wannan matsewa ba ta zuwa da kuka. Yaro zai yi shiru, uwa tana tura keke ta baya ba ta ganin fuskarsa, ta ɗauka barci ne ya yi masa daɗi.

Ki gwada shi a gida, a kan tabarma ko katifa mai tauri, yana farke, ba daga gama shan nono ba. Kwantar da shi rub da ciki ki gani ko zai dogara da hannayensa ya ɗaga ƙirji daga ƙasa, ya riƙe kansa yana waige-waige na tsawon minti guda. Sannan ki juya shi rigingine, ki kama hannayensa biyu ki jawo shi a hankali kamar za ki zaunar da shi. In kan ya taho tare da jiki, wuya ya tsaya. In ya rage a baya yana lilo, ki mayar da shi, a sake gwadawa bayan sati biyu. Gwaji na ƙarshe shi ne ya fi faɗa miki gaskiya: zaunar da shi tsakanin ƙafafunki, hannunki a ƙugunsa kaɗai. Yaron da ya isa kujera bayansa zai miƙe, ko ya dafa ƙasa da hannu biyu ya tsaya, kuma in kin ɗan girgiza shi kan ba zai langaɓe ba. Wanda bai isa ba zai lanƙwashe kamar baka, ko ya zube gefe.

Kada ki auna shi da ɗan maƙwabciya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, a kan yara daga ƙasashe biyar har da Gana, ya nuna lafiyayyun yara suna fara zama da kansu tun daga dab da wata 4 har zuwa wata 9 da 'yan kwanaki. Dukkansu lafiya lau suke.

Kukan da yake yi kuwa ba lallai neman zama ba ne. A wata huɗu ganin yaro ya ƙara nisa, ya gaji da kallon rumfar keke. Ki sauke rumfar in kuna inuwa, ki riƙa yi masa magana yana ganin fuskarki, ki kuma yawaita kwantar da shi rub da ciki yana farke kina kusa, minti uku, minti biyar, har ya tara aƙalla minti 30 a wuni. Nan wuya da kafaɗa da baya suke samun ƙarfinsu. Barci dai a rigingine ne kullum.

Akwai kuma wata matsalar da kan riski iyaye kafin wata shida: yaro ya fi ƙarfin gadon amma bai isa kujera ba. Galibin gadajen nan kilo 9 ne iyakarsu. In ya kai nauyin, ko kansa da ƙafarsa suna tokarar ƙarshen gadon, ko ya fara birgima yana tashi kan hannu da gwiwa, gadon ya zama haɗari, domin bangonsa gajere ne. To sai a duba kujerar. In majingininta yana kwantawa sarai, a ɗora ta a kwantar da shi a kai, a ɗaure. In ba ya kwantawa, a jingine keken a koma goyo har lokaci ya yi.

Ranar da ya ci gwajin nan, ba a ɗaga majingini gaba ɗaya. Yana da hawa uku ko huɗu. Ki fara da na tsakiya, minti 10 zuwa 15, yana farke, kujerar tana fuskantarki in irin wadda ake juyawa ce. Ki riƙa ƙarawa cikin sati ɗaya zuwa biyu kafin ki kai hawa na sama. Da ya fara gyangyaɗi ki kwantar da majinginin. A kowane lokaci yatsanki ya iya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa.

Ɗamarar kujera reshe biyar gare ta: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi. Na tsakanin cinyoyin nan shi ne ya fi yawan ɓata a kekunan gwanjo, kuma shi ne ke hana yaro sulalewa ƙasa har wuyansa ya maƙale a ɗamarar ƙugu ko a sandar gaba. In babu shi, kada a zaunar da yaro sai an sa, kuma ba a maye gurbinsa da igiya ko ɗankwali. In kin ɗaure, yatsu biyu su shiga tsakanin ɗamara da ƙirjinsa, kada su wuce haka. Kada a cusa matashi ko tawul a bayan kansa, domin gaba zai tura kan.

Tunda na hannu ne, babansa ya duba shi tun yaro bai hau ba. Ya taka birki ya tura ya ga ko tayoyin baya biyu sun kama. Ya danna majinginin da ƙarfi a kowane hawa, kada ya zamana makullin ya ci har zai saki da yaro a kai. Ya jijjiga keken ya tabbata ba zai naɗe da kansa ba. A cire yadin a wanke a shanya a rana. Jaka mai nauyi a kwandon ƙasa ake sa ta. In aka rataya ta a mariƙi, keken zai tuntsura baya. Ki kuma tuna lungunanmu ba daɓe ba ne. Gargada da tsallake kwata suna wujijjiga kan yaro, wanda hakan ma dalili ne na ƙara jinkiri. Ko bayan ya iya zama, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce kada ɗan ƙasa da shekara ɗaya ya wuce awa guda a ɗaure a lokaci ɗaya, a keke ne ko a kujerar cin abinci ko a goye.

TAMBAYA: 'Ya'yana tara, duk a kwali ko daro na koya musu zama, a kewaye su da tsumma, mace tun wata uku, namiji wata huɗu, kuma duk sun tashi garau. Yanzu matar ɗana ta ce an hana. Shi goyo da muke yi tun kafin arba'in ba zama ba ne?
Daga wata kaka, Kwarbai, cikin birni.

AMSA: Ranki ya daɗe, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Goyo daban yake da zaman kujera. Yaron da aka goya ƙirjinsa yana kwance a bayan uwa, zani ya tallafe shi har ƙeya, majanyi ya ɗauke nauyinsa ta ƙasa, cinyoyinsa a buɗe, wanda hakan yana da kyau ga gaɓar ƙugu. Uwa kuma tana jin motsinsa da numfashinsa a jikinta. Sharaɗin dai zanin ya kai tsayin kunnensa muddin wuya bai tsaya ba, fuskarsa ta juya gefe, hanci a sarari, kada a saki hijabi mai kauri ya lulluɓe shi. Kada kuma a yi daka ko a sunkuya kan murhu da ɗanyen goyo.

Zaman kwali ba mu ce yana karya baya ko yana sa doro ba, kuma gaskiya ne yaron da ake zaunarwa da tallafi yakan saba da wuri. Inda muka tsaya shi ne lokaci da tsaro. Wata uku ya yi wuri ga yawancin yara, mace ko namiji, domin bambancin da ke tsakaninsu a wannan fanni bai taka kara ya karya ba. A bari wuya ya tsaya, a yi minti biyar zuwa goma, babba yana zaune inda hannunsa zai kai. Ɓarnar tana faruwa ne in an dasa yaro a daro an tafi wanke-wanke: ya zame, fuskarsa ta nutse cikin tsumma, ko kwalin ya kife da shi. Cinyar kaka ta fi kowane kwali. Abin da muke roƙon a ajiye gaba ɗaya shi ne keken koyon tafiya mai tayoyi, wanda ake sa yaro tun bai iya zama ba. Ba ya sa a yi tafiya da wuri, yana kuma kai yaro ga dakali, rijiya da tukunyar da ke kan wuta. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

TAMBAYA: 'Yata bakwaini ce, an haife ta a sati na 32. Yanzu watanta shida, wuyanta ya fara tsayawa amma ba ta zama. Akwai matsala?
Daga wani magidanci, Samaru.

AMSA: Malam, Allah ya raya ta. Lissafin bakwaini daban ne. Cikakken ciki sati 40 ne, ita ta zo a 32, ke nan ta riga lokacinta da sati 8, wato kusan wata biyu. Cire biyu daga shida, a ƙarfin jiki 'yar wata 4 ce, kuma abin da ka faɗa ya dace da 'yar wata huɗu. Wata shidan da aka rubuta a jikin keke, a wajenta sai ta kai wata 8 da haihuwa. Haka za a riƙa lissafin har ta shekara biyu. Allurar rigakafi kuwa ba ta bin wannan ragi, daga ranar haihuwa ake ƙirga ta.

Ga abin da zai sa ku ga likita ba tare da jira ba, ku da duk mai karatu: wata huɗu, a gyararren lissafi, wuya bai tsaya ba, wata tara ba zama, jiki ya langaɓe kamar tsumma, ko ya sandare ƙafafu suna harɗewa, hannu ɗaya kaɗai ke aiki, ko yaro ya daina abin da a da ya iya. A ƙara lura in ya yi shawara mai tsanani a satin farko, ko bai yi kuka da wuri ba bayan haihuwa, ko ya taɓa yin jijjiga ko sanƙarau. A kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, da katin awonsa a hannu. In gashin ƙashi yake bukata, wanda aka fara da wuri ya fi yin tasiri.

TAMBAYA: Kekenmu yana da kujerar mota da ake maƙalawa a kai. Jaririyata 'yar wata biyu za ta iya wuni a ciki? Muna yawan zuwa Kaduna.
Daga wata ma'aikaciya, Hanwa.

AMSA: A'a, 'yar'uwa. An yi kujerar nan ne don haɗarin mota, kuma a kishingiɗe take ɗaukar jariri, ba a kwance ba. A mota dole ce: a kujerar baya, tana kallon baya, babba a gefenta yana ganin fuskarta. Kada ta wuce awa biyu a ciki ba a tsaya an ciro ta ba, ga sabuwar haihuwa da bakwaini ma a gajarta. Da kun isa ki ciro ta ko da tana barci, ki kwantar da ita rigingine. Kada a aje kujerar a kan gado ko tebur da ita a ciki, kada kuma a sassauta ɗamarar don ta sake.

TAMBAYA: Ina rufe keken da mayafi saboda ƙurar hunturu da rana. Ya yi?
Daga wata uwa, Gyallesu.

AMSA: Bai yi ba, Malama. Mayafi, ko da mai shara-shara ne, yana tare iska, cikin keken ya ɗau zafi da sauri, musamman a bazarar Maris da Afrilu, kuma yana hana ki ganin ko haɓarsa ta faɗa kan ƙirji. Ki buɗe rumfar keken, ki bar gefe da gefe a sake, ki sa gidan sauron keke in da yamma ne. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In da gumi, a rage masa riga ɗaya. Ranar da ƙura ta yi yawa ko rana ta take, a ɗage fitar zuwa safe ko bayan la'asar.