Amsa: Yadda yara za su riƙe darasin kula da lafiya

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina tara yaran firamare kina koya musu kula da lafiya, amma kafin mako ya zagayo sun manta. A ganina bayanin baki ne ya yi yawa, domin yaro abin da hannunsa ya taɓa shi yake riƙewa.

Gwada wannan. Shafa wa yaro ɗaya mai a tafin hannu, ki barbaɗa garin alli mai launi, ki ce ya gaisa da 'yan'uwansa. Ba da jimawa ba za ki ga allin a hannun kowa, har kumatu da bakin riga. Sai ki ce haka ƙwayoyin cuta ke yawo, sai dai su ido ba ya ganinsu. Wasu su wanke da ruwa zalla, wasu da sabulu na daƙiƙa 20, su kwatanta. Ranar da na fara gwadawa, wallahi yaran ne suka riƙa yi wa juna bayani.

Ruwan gishiri da sukari na gudawa ma su haɗa da kansu: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki gayyato iyaye su gani ranar 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya.