Amsa kan zuwa gidan abincin alfarma a ƙauyen Ingila

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ƙanina, na saurari saƙonka. Ka ce uwargida ta kammala karatu, Allah ya sanya albarka, kana so ka kai ta ɗaya daga cikin gidajen abincin nan masu tauraron Michelin da ke ƙananan garuruwan Ingila, kana tambayar abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗi, musamman maganar halal. To ka ba ni aron kunnenka, maganar tana da ɗan tsawo.

Kada ka raina wurin don ka gan shi a ƙauye. Michelin kamfanin taya ne na Faransa, a 1900 ya fara buga littafin jagora ga masu mota, kuma tauraro uku a wurinsu yana nufin wurin ya isa a yi tafiya takanas domin shi. Shi ya sa ƙauyen Bray kusa da Maidenhead yake da gida biyu masu tauraro uku, Waterside Inn da Fat Duck, kuma mutane suke niƙa gari har Cartmel a Cumbria saboda L'Enclume, wanda ya samu na ukunsa a 2022. Amma zamansa a ƙauye shi ne tushen duk abin da zan faɗa maka. Kicin ɗin ƙarami ne, teburan ba su da yawa, ana yin cefane daidai da yawan waɗanda suka kama wuri, kuma romo da miya da kayan zaƙi tun safe ake haɗa su, wasu ma tun jiya. Idan sai ka zauna sannan ka ce ba ka cin kaza, kuku ba shi da abin da zai musanya maka, babu kasuwa a bayan gida. Saboda haka aikinka duka a waya da imel yake, kwanaki kafin ranar.

Yauwa, maganar halal. Kada ka rubuta kalmar halal kaɗai ka ɗauka an gama. Mafi yawan irin waɗannan gidajen daga gonakin makwabta suke sayen nama, ba su da yankan Musulmi, kuma ma'aikaci da yawa abin da ya fahimta da halal shi ne a cire naman alade kawai. Ka warware musu abu uku a rubuce. Ba ku cin alade da duk abin da ya fito daga jikinsa, har kitse da jelatin, wato abin da ake sa wa kayan zaƙi su daskare. Ba ku cin abin da aka sa wa giya, ko da a girki ne. Sannan kuna son jerin abincin kifi ko na ganye a madadin na nama. Ka nemi su ba ka amsa a rubuce, kuma ka sake buga waya kwana biyu kafin zuwa ka tabbatar saƙon ya isa kicin, bai tsaya a wurin mai karɓar baƙi ba. Nan ne abin ya fi lalacewa.

Ka san dokar ƙasar ta wajabta musu bayyana abubuwa 14 masu tayar wa mutane da ciwo, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, riɗi, kifi. To alade da giya ba sa cikin 14 ɗin nan. Wato za ka iya karanta takardar abincin daga sama har ƙasa ba ka ga alama ba, alhali suna ciki. Kuma don Allah kada ka ce musu ciwo ne da ku don a ɗauke ku da muhimmanci. Ka faɗi gaskiya, ka ce addini ne, ana girmama wannan, kuma tambayoyin da kuku zai yi maka sun bambanta.

Bari in nuna maka inda abin yake ɓuya, don nan ne na fi so ka riƙe. Miyar nan baƙa mai sheƙi da ake zubawa a gefen nama, ƙashin maraƙi ne aka dafa na sa'o'i, kuma kusan kullum da jan giya ko giyar Madeira aka haɗa ta. Kifin da kake ganin ka tsira da shi, farar miyarsa ta man shanu da farar giya ake fara ta. Romon jatan lande da ƙaguwa akan zuba masa barandi. Idan kuku mai son salon Japan ne, akwai mirin da sake, dukansu giyar shinkafa ce. A ɓangaren alade kuma ka lura da sunaye irin su pancetta, guanciale, lardo, chorizo, da black pudding wanda jini ne. Wani lokacin ɗan yanki ne sirit a kan kifi, wani lokacin kitsensa ne a cikin burodi ko a ɓawon fanke. Kayan zaƙi masu rawa ko masu kumfa kuwa jelatin ne ke riƙe su, kuma jelatin na Turai galibi daga fatar alade ake yin sa. Kuku nagari zai iya sa agar a madadinsa, wanda daga ciyawar teku yake, amma sai ya sani da wuri.

Za a iya ce maka ai giyar tana ƙonewa a wuta. Ma'aikacin ba yaudararka yake yi ba, abin da aka koya masa ke nan, amma ba haka ba ne. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna idan an kunna wa abinci wuta a kasko kusan kashi 75 cikin 100 na barasar yana nan, bayan minti 15 a kan wuta kusan kashi 40, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko zuwa kashi 5. Hukuncin wannan, da na yankan Ahlul Kitabi, ka tambayi malaminka, ni dai abin da ke cikin tukunya nake faɗa maka. Idan gidan suka ce ba za su iya cire giya daga girkinsu ba, wasu suna faɗa ƙarara a shafinsu, ka gode musu ka nemi wani. Wanda ya gaya maka gaskiya tun farko ya fi wanda ya ce eh ya bar ka da faranti rabi.

Abin sha. Akwai ma'aikaci na musamman da zai zo da littafin giya, ka ce masa ba ku sha, shi ke nan, babu wanda zai kalle ku. Zai iya tallata muku jerin abin sha marar barasa, kofi ɗaya ga kowane faranti. Yana da daɗi amma kuɗinsa daban ne, kuma ka tambaya ko akwai kombucha, wato tsimammen shayi, ko giyar da aka cire wa barasa, don waɗannan sukan rage ɗan kaɗan a ciki. Ruwa kuma idan aka tambaye ka mai gas ko marar gas, duka biyun na kwalba ne, na kuɗi. Ka ce na famfo kake so, doka ta wajabta wa duk gidan abincin da ke sayar da giya a Ingila ya ba da shi kyauta.

Sai kuɗi. Za su riƙe lambar katinka ko su karɓi kafin alƙalami, wasu ma kuɗin duka. Ka karanta sharaɗin fasawa da kyau, wani awa 48 ne, wani 72, wani mako guda, idan ka wuce sun cire, saboda teburin da ka bari a ƙauye babu mai wucewa da zai cike shi. Masu tauraro uku ka ƙaddara sama da fam 200 kowane mutum. A kan haka akan ɗora kuɗin hidima, yawanci kashi 12.5. Misali idan abincin fam 150 ne, ku biyu 300, hidima 37.50, ka ga 337.50 tun ba a sha komai ba. Idan an riga an sa shi a takardar biya ba sai ka ƙara tukuici ba. Cuku da shayi na ƙarshe sau da yawa ba sa cikin farashin.

Ni shawarata ku je da rana. A gidaje da yawa abincin rana ya fi sauƙin kuɗi, kuku ɗaya ne, kicin ɗaya ne. Sannan zaman yana cin awa uku zuwa huɗu, faranti takwas, goma, har fiye, kowane loma biyu ko uku, ana kawowa ɗaya bayan ɗaya ana yi muku bayani. Kada ƙanƙantar na farko ta sa ku cika ciki da burodi, ƙoshin a ƙarshe yake zuwa. Idan kun zauna ƙarfe bakwai da rabi na dare, kafin ku tashi sha ɗaya ta yi, jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce, kuma a ƙauye ba a tsayar da tasi a titi, manhajar waya ma za ka buɗe ka ga babu mota ko ɗaya. In dai dare ne, ka kama tasi na dawowa tun ranar da ka kama tebur, ko ku kwana, da yawansu suna da ɗakuna. Ka duba lokacin salla ma. A watan Disamba magariba wajen ƙarfe huɗu take yi, zaman rana zai iya haɗiye azahar da la'asar, a watan Yuni kuma sai bayan tara, wato tsakiyar cin abincin dare. Ku isa da alwala, ka tambaye su tun a imel ko akwai ɗan wurin da za ku keɓe na minti biyar.

Maganar cokula kada ta dame ka. Idan an jera da yawa ka fara daga na waje ka shigo ciki, amma yanzu yawanci tare da kowane faranti ake kawo nasa. Burodinka yana hagu, kofinka yana dama. In ka gama ka haɗa wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan faranti. Kaftani mai kyau da hula, atamfa ko abaya, duk sun wadatar, abin da ba a so shi ne kayan motsa jiki da gajeren wando. Sai dai ku rage turare, uwargida ta sassauta humra a ranar, ɗakin ƙarami ne kuma ƙamshi mai ƙarfi yana danne ɗanɗano, naku da na teburin kusa.

Af, yara. Wasu gidajen ba sa karɓar ƙananan yara, kowane da shekarun da ya yanke, ka tambaya kafin ka biya. Kuma da yawansu suna rufewa Litinin da Talata, ka duba ranar kafin ka sayi tikitin jirgi. Allah ya kai ku lafiya, a gaida uwargida.