Tambaya da Amsa: Lambu a Jikin Bango

Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato shuka a jikin bango ga wanda ba shi da fili, don haka na tsinto guda biyar da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina sha'awar shuka sosai amma tsakar gidanmu duk siminti ne ba wajen da zan tona. Na ga hotunan yadda ake rataye robobin ruwa a bango ana shuka a ciki, ta ina zan fara? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa'alaikumussalam uwargida. Toh kafin ki yanka roba ko ɗaya, ki fara ware yini guda kina lura da bangon nan, ƙarfe nawa rana take sauka a kansa, ƙarfe nawa take barinsa, domin shi ne zai gaya miki abin da za ki shuka ba hoton da kika gani a waya ba. Ganye irin su latas, alayyahu, na'a-na'a, ɗoɗɗoya da albasa mai lawashi, rana ta awa 4 ma ta ishe su su rayu, amma duk abin da zai yi 'ya'ya kamar barkono yana son awa 6 zuwa 8. Bangon da ke kallon yamma kuma a kula da shi, yana shan ranar la'asar ya ɗauki zafi har bayan magariba bai huce ba, saiwa ba ta son wannan.

Sai robar. Ki samu mai lita 1.5 ko 2, ki kwantar da ita da murfinta a rufe, ki yanke taga mai faɗi a gefen da zai kalli sama, ta ƙasa kuma ki huda ƙofofi kamar huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa fita. Ki shafa mata fenti mai haske ta waje, saboda in haske yana ratsawa ciki gansakuka za ta fito, baƙin fenti kuwa dafa saiwar zai yi. Ƙasar ita ce inda mutane da yawa suke kuskure, su kwaso zallar laka su danna, kwana kaɗan ta daskare ta zama dunƙule ruwa ya kasa shiga. Ki haɗa ƙasa mai kyau da takin da ya ruɓe ya huce da wani abu mara nauyi da zai sa ta yi sako-sako, kamar buntun shinkafa ko ɓawon kwakwa da aka niƙa, kusan kashi ɗaya-ɗaya. Ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Kuma ki fara da roba biyar ko shida kawai, in kin gane hannunsu sai ki ƙara.

Tambaya: Malam ni haya nake, ina tsoron kar danshi ya ɓata bangon mai gida ya ce in biya. Akwai dabara? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Tsoronka na kan hanya ɗan'uwa, domin shukar da aka manna kai tsaye da bango kullum ana zuba mata ruwa, fenti zai kumbura ya fara ɓarewa, fulasta ta biyo baya. Ko manyan masu wannan sana'a ba sa yarda ruwa ya taɓa gini. Patrick Blanc, masanin tsirrai ɗan Faransa wanda ya lulluɓe bangon gidan tarihin Quai Branly da aka buɗe a Paris a 2006 da shuke-shuke, tsarinsa shi ne firam na ƙarfe a fara kafawa, a ɗora masa faifan roba da ruwa ba ya ratsawa, sannan wani yadi mai kauri da saiwa ke kamawa, tsakanin wannan duka da ginin kuma akwai rata da iska ke wucewa. Kai ma abin da za ka kwaikwaya kenan a ƙaramin mataki, ka sa kafinta ko mai walda ya yi maka firam mai ƙafafu wanda zai tsaya da kansa, ka janye shi kamar santimita 5 zuwa 10 daga bango, ka sa leda mai kauri a bayansa, ƙasa kuma ka ajiye abin tarar ruwa. Ba ka huda bangon kowa ba, ranar tashi ka ɗauki abinka.

Abin da ba ka tambaya ba amma ya fi danshin haɗari shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi haka, robobi 20 masu lita 2 in an gama ban ruwa za su iya kai kilo 40, toh ka ga wannan ba aikin ƙusa biyu da igiyar shanya bane, musamman in akwai yara da ke wasa a ƙarƙashi. Masu nauyi su zauna a layin ƙasa.

Tambaya: Na yi nawa layi huɗu, amma na sama kullum a bushe suna yaushi, na ƙasa kuma ganyen ya koma rawaya yana ruɓewa, alhali ruwa ɗaya nake ba su. Me na yi ba daidai ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ai amsar tana cikin tambayar 'yar'uwa, ruwa ɗayan nan da kike ba su shi ne matsalar. Layin sama ya fi shan rana da iska kuma ba mai ɗiga masa komai, shi ko na ƙasa yana shan nasa yana kuma shan rarar layi uku da ke samansa ga inuwa, sai ƙasarsa ta kasance a jiƙe dare da rana, saiwa kuwa tana buƙatar iska, in ruwa ya cike duk ramukan da ke cikin ƙasa sai ta shaƙe ta ruɓe. Abin haushin shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, sai mutum ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara mata, shikenan ya ƙarasa ta.

Ki daina ban ruwa da ido, ki riƙa tura yatsa cikin ƙasar kamar gaɓa biyu, in kin ji danshi ki wuce, in a bushe take ki zuba a hankali har sai kin ga ya fara ɗiga ta ƙasa. Za ki tarar na sama lokacin zafi yana so safe da yamma, na ƙasa wani lokaci sai bayan kwana biyu. Sannan ki sake musu mazauni, masu jure rana da ƙishi su hau sama, masu son laima irin na'a-na'a da latas su sauko (na'a-na'a dai a ba ta robarta ita kaɗai, in ba haka ba sai ta mamaye maƙwabta). In ba kya yini a gida, ki ajiye gorar ruwa a saman layin ki sako tsumman auduga daga cikinta zuwa cikin ƙasar, zai riƙa jan ruwa kaɗan-kaɗan kamar yadda lagwani ke jan kananzir.

Wani abu kuma, kar ki zuba tsakuwa a gindin robar wai don ruwa ya wuce, mutane na yawan faɗa amma gaskiya ba ya taimakawa, rage wa saiwa wuri kawai yake yi, ƙofofin nan su ne maganin, ki duba ko sun toshe. Ita ma rawayar ganye ba kullum ruwa bane, ƙasa 'yar kaɗan da ake wankewa kullum abincinta saurin ƙarewa yake, don haka duk sati biyu ki ba su takin ruwa da aka sirka sosai.

Tambaya: Na samu katakon falet irin wanda ake ɗora kaya a kai, zan iya shuka abin ci a ciki? Daga wani magidanci.

Amsa: Za ka iya Alhaji, amma ka duba hatimin da ke gefensa tukuna. In ka ga HT, da zafi aka gasa katakon don kashe ƙwari, ba matsala. In MB ne, hayaƙin maganin methyl bromide aka yi masa, ka bar shi. Wanda ke da tabon mai ko warin sinadari shi ma a'a, tunda ba ka san me ya zube a kansa ba. Ka lulluɓe bayansa da gindinsa da buhu, ka cika ƙasa yana kwance, ka bar shi a kwancen sati biyu ko uku saiwa ta kama kafin ka miƙar da shi, in ba haka ba ƙasar zubowa za ta yi. Ka kuma ɗaga shi kan bulo saboda gara.

Tambaya: Tumatir zai yi a roba? Kuma maƙwabciyata ta ce abin zai tara mana sauro. Daga wata amarya.

Amsa: Tumatir a robar lita 2 wahalar da kai ne amarya, zai fito ya yi kore har ya yi fure amma da ƙyar ki ga abin kirki, saiwarsa na son zurfin aƙalla santimita 30. Ki sa shi a bokiti ko buhu a gindin bangon ki ɗaura masa igiya ya hau, kokwamba ma haka. Batun sauro kuwa maƙwabciyarki ta yi rabin gaskiya, jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta haifar da sauro, ruwan da ya kwanta ne, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai a lokacin zafi. Don haka abin tarar ruwan da ke ƙasa ki riƙa juye shi duk bayan kwana biyu ko uku, ki mayar wa shukar ruwan tunda akwai sauran taki a cikinsa, gorar da ke sama kuma ki rufe bakinta da ƙyalle.