Utaridu, Duniyar Da Hasken Rana Ke Ɓoyewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Daura. An koya mana cewa Utaridu ce duniyar da ta fi kusa da rana. Me ya sa ba mu ganinta kamar Zara, kuma shin ita ce ta fi zafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kusancin da kika ambata shi ne yake ɓoye ta. Tsakaninta da rana kimanin kilomita miliyan 58 ne, tana kuma kewaye ranar cikin kwana 88 kacal, saboda haka ba ta taɓa yin nisa da ita a sararin sama, sai dai ta ɗan leƙo bayan magariba ko gabanin fitowar rana, ƙasa-ƙasa, na ɗan lokaci. Mu a ƙasar Katsina mun fi mutanen Turai sa'ar ganinta, domin a wajenmu takan ɗan fi ɗagawa sama. Ki fita bayan gari inda babu gini, a ranar da babu hazo, ki dubi inda rana ta faɗi, amma kada ki kuskura ki neme ta alhali rana na sama, domin ido ba shi da madadi.

Batun zafi kuwa, a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Zara ce ta fi zafi, da ma'aunin zafi kusan digiri 465 na Salsiyas, domin iska mai kauri ta lulluɓe ta kamar bargo, zafin da ya shiga ba ya fita. Utaridu ba ta da wannan lulluɓi. Ki tuna yashin gona a lokacin hunturu, wanda yake ƙona ƙafa da azahar, amma kafin asuba ya yi sanyi ƙarara saboda sama ta washe babu girgije. Haka take, sai dai nata ya wuce misali: da rana ma'auni yakan kai 430, da dare ya sauka zuwa 180 ƙasa da sifili, ga shi daga fitowar rana zuwa wata fitowar sai an yi kwana 176 irin namu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne binciken kumbon MESSENGER na Amurka, wanda ya kewaye ta daga 2011 zuwa 2015, ya kuma tabbatar da ƙanƙara a cikin ramuka masu zurfi na ƙuryar arewacinta, inda hasken rana ba ya kaiwa ko kaɗan.