Amsa ga mai tambaya kan saka alƙaluman ciniki a cikin manhajar shago

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya: kana gina manhajar kula da shaguna, an ce ka saka allon da zai riƙa nuna wa kowane ɗan kasuwa yadda harkarsa ke tafiya, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Power BI Embedded da Metabase (shiryayyun manhajoji biyu na zana allon rahoto) da rubutawa da hannunka. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da inda na sha wuya.

Aikina na farko irin wannan na yi wa wani mai sayar da kayan masarufi ne, shaguna uku da sito ɗaya. Kusan wata biyu na kwashe ina ƙawata allo, zane mai da'ira, zane mai sanduna, launi iri-iri. Ranar da na kai masa, Alhaji ya karɓi wayar ya shafa sama ya shafa ƙasa, ya ce, "To, su wa nake bi bashi, kuma wa ya fi daɗewa bai biya ba?" Babu wannan a allon. Shi damuwarsa ke nan kullum da safe, ni kuwa ban taɓa tambayarsa ba. Tun daga ranar nake zuwa in zauna a shago yini guda kafin in rubuta komai, ina sauraron abin da maigida ke tambayar yaransa. Waɗannan tambayoyin su ne allonka.

Sai kuma rigimar ma'anar kalmomi, wadda ta fi cin rai. Mene ne "cinikin yau"? A wurina duk abin da aka yanka wa rasit ne. A wurin Alhaji kuwa kuɗin da ya shigo hannu ne, kayan da aka ba da bashi ba ciniki ba ne sai an biya. Riba ma haka: da farashin da aka saro katan ɗin za a lissafa, ko da farashinsa na yau a kasuwa? Idan kaya na tashi kowane mako, tazarar ba ƙarama ba ce. Ku zauna ku rubuta ma'anar kowane adadi a takarda, ya amince, sannan ka taɓa kwamfuta. Ɗan kasuwa in ya kama allonka da saɓa wa littafinsa sau ɗaya, ya daina buɗe shi ke nan.

Ka lura da agogo ma. Sabarmu, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhajar, tana ajiye lokaci da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. A ƙarshen azumi, da ake ciniki har bayan sha biyun dare, duk abin da aka sayar kafin ƙarfe ɗaya sai ya faɗa lissafin jiya. Saura ƙiris a zargi wani yaron shago da taɓa kuɗi, alhali laifina ne.

Batun kayan aiki kuwa bai kai yadda kake zato wuya ba. Power BI Embedded yana da ƙarfi, amma a Azure, dandalin hayar sabobi na Microsoft, ake biyan kuɗinsa da dala bisa awannin da yake kunne, sai ka auna ko kwastomominka za su iya ɗauke nauyin. Metabase kana iya ɗora na kyauta a sabarka ka cusa allonsa cikin manhaja, sai dai tambarinsu zai fito a ƙasa. Idan adadi biyar ko shida kawai ake buƙata, ni da Chart.js, wani kayan zana jadawali a shafin yanar gizo, nake zana abina, ya fi sauƙin buɗewa a ƙaramar waya in intanet na wasa. Kuma ba dole komai ya taru a allo ɗaya ba: sanarwar cewa sukari ya kusa ƙarewa, a shafin da yaro ke yanka rasit ta fi amfani.

Abu biyu ban yarda a yi sakaci da su ba. Tace bayanan kowane shago a saba za ka yi shi, da sa hannu na dijital, wato hatimin da saba ke bugawa, wanda ba a iya sauyawa daga waya, don kada wani ya canza lamba a adireshi ya leƙa littafin maƙwabcinsa. Akwai sunayen masu bashi da lambobin wayarsu a ciki, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Sannan kada manyan rahotanni su riƙa karatu daga rumbun bayanan da ake rubuta ciniki a kai, ka yi musu kwafi daban, in ba haka ba maigida na buɗe lissafin shekara, mai yanka rasit na tsaye kwastoma na jira.

Maɓallin fitarwa zuwa Excel kuma ka saka shi tun farko, akawunsu zai nema ko ka so ko ka ƙi. In ka je shagon ka dawo, turo mana tambayoyin da ka jiyo, mu duba tare waɗanda za su fara shiga.