Amsa: Yadda mataimakan furotin ke sauya siffa

Malam, ka tambayi yadda mataimakan furotin, wato furotin da ke taimaka wa wasu furotin su naɗe su ɗauki siffarsu ta daidai, suke sauya siffa. Dubi ɗaya daga cikinsu, GroEL na ƙwayar bakteriya E. coli, nan abin ya fi burge ni. Zobba biyu ne a ɗore, kowanne da sassa 7, cikinsu rami kamar tulu. Bakin ramin ba ya jituwa da ruwa, don haka furotin da bai naɗu ba yake manne masa. Da ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari, ta kama zoben, sai sassan su miƙe su murɗa, wani furotin mai kama da murfi, GroES, ya rufe bakin. Ramin ya ƙara faɗi, bangonsa ya koma mai son ruwa, furotin ya saku ya naɗe shi kaɗai. Bayan kamar daƙiƙa 10 a buɗe. In bai naɗu ba, a sake kama shi.