Tambaya da Amsa: Wace unguwa ce ta dace da iyalina a Mancesta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni likita ne a Birnin Kebbi, kuma Allah Ya sa na samu aiki a ɗaya daga cikin manyan asibitocin da ke kan titin Oxford a birnin Mancesta na ƙasar Ingila. Takardun tafiya sun fito, da nawa da na maiɗakina da na 'ya'yanmu uku: babbar mace ce mai shekara 11, sai namiji mai shekara 7, sai autarmu mai shekara 3. Abin da ya hana ni barci shi ne inda zan ajiye su. Wani ɗan'uwana da ke can ya ce in nemi gida a Moston ko Cheetham Hill, saboda haya da sauƙi kuma akwai 'yan Najeriya. Wani abokin aiki kuma ya ce muddin ina son karatun yara, kada in wuce Altrincham ko Didsbury. Maiɗakina ba ta tuƙi, ba ta taɓa fita ƙasar waje ba in ban da Umara, kuma ko a nan Gesse ba ta cika fita ita kaɗai ba. Har wani dillali ya turo mini hotunan gida ta WhatsApp, ya ce in tura kuɗin kafin alƙalami kada wani ya riga ni. Wace shawara za ku ba ni?

Wani likita, Gesse, Birnin Kebbi

AMSA

Wa'alaikumus salam, Likita. Allah Ya sanya alheri a wannan tafiya, Ya kai ku lafiya.

Bari mu fara sallamar dillalin nan. Kada ka tura masa ko sisi. Dokar haya ta Ingila ta shekarar 2019 ta taƙaita kafin alƙalami a kan kuɗin hayar mako ɗaya, ta kuma taƙaita kuɗin ajiya a kan hayar mako biyar ga irin gidan da kake nema, sannan wajibi ne mai gida ya saka kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Amma duk wannan kariya ba ta aiki sai idan gidan da mai gidan na gaskiya ne, kuma hoto ba ya tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu. Tambayi ofishin ma'aikata na asibitin da ya ɗauke ka ko suna da masaukin wucin gadi ga sabbin ma'aikata. Idan akwai hali, ka riga iyali isa da 'yan makonni, ka shiga gidan da ƙafarka kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Sai batun unguwa. Ɗan'uwanka ya duba aljihunka, abokin aikinka ya duba sunan makaranta, kuma kowannensu ya faɗi gaskiya gwargwadon abin da ya duba. Abin da ban ji ɗayansu ya ambata ba shi ne Hajiya, alhali ita ce za ta zauna a unguwar. Kai za ka fita tun da duhun safiya, wani lokaci ka kwana a asibiti. Ita ce za ta kai yaro makaranta kafin ƙarfe tara, ta koma ɗauko shi da misalin ƙarfe uku da kwata, tana tura autarku a keken yara, a garin da aka san shi da yawan yayyafi. A can babu ɗan acaɓa ko mai adaidaita da za a yi wa kwantiragin kai yara, babu ƙanin miji da za a aika, babu almajirin gida. Makarantun firamare ba sa sakin yaro mai shekara bakwai sai a hannun babban da suka sani, kuma barin ƙananan yara su kaɗai a gida na iya jawo wa iyaye binciken hukuma. Saboda haka ma'aunin da nake ba ka shi ne ƙafar Hajiya: daga ƙofar gida, minti nawa za ta yi zuwa makarantar firamare, zuwa mahaucin halal, zuwa asibitin unguwa, zuwa masallacin da ke da Islamiyya? Idan kowanne ya wuce tafiyar minti 15, to ka kama mata gidan da za ta zauna a kulle ne, komai kyawun unguwar.

Ka auna wannan tafiya da watan Disamba, ba da watan Yuni ba. A tsakiyar hunturu rana ba ta fitowa a Mancesta sai bayan ƙarfe takwas na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Yara suna shigowa gida daga boko ana kiran magariba, sannan Islamiyyun masallatai galibi bayan tashi daga boko ake yin su, wato a cikin duhu da sanyi za a je a dawo. Iyalai da yawa sun yi niyyar karatun addinin 'ya'yansu da gaske, amma bas biyu da ke tsakaninsu da masallaci suka kashe niyyar tun hunturun farko.

Game da makaranta, akwai abin da ya kamata ka fahimta tun kana Kebbi, domin ya saɓa wa abin da muka saba. Makarantar gwamnati kyauta ce ga 'ya'yanka, amma ba uba ne ke zaɓa ya biya ya kai ɗansa ba. Ana neman gurbi ne ta hannun ƙaramar hukumar da gidanka yake ciki, kuma idan masu nema suka fi gurabe yawa, mafi yawan makarantu suna fifita yaran da ke hannun hukuma, da waɗanda yayyensu ke makarantar, sannan a koma ga nisan gida da makaranta. Gidaje biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ya samu, ɗaya ya rasa, saboda bambancin layi biyu ko uku. Ana rufe neman gurbin shiga sakandare ranar 31 ga Oktoba, na shiga firamare kuma ranar 15 ga Janairu, duka don zangon da ke farawa a watan Satumba mai zuwa. Idan kuka isa a tsakiyar shekarar karatu, sai dai a ba ku inda gurbi ya rage, kuma makarantun da suka yi suna su ne ke fara cika. Don haka kafin ka kama gida, ka kira sashen ɗaukar ɗalibai na ƙaramar hukumar, ka gaya musu shekarun yaran, ka tambaye su waɗanne makarantu ne a kusa da wannan adireshi ke da gurbi yanzu. Wannan kira ɗaya ya fi duk wata jita-jita ta zauren WhatsApp amfani. Rahotannin hukumar Ofsted mai duba makarantu suna intanet kyauta. Tun Satumban 2024 ta daina yi wa makarantun gwamnati hukunci da kalma ɗaya tak, kuma hakan ya yi mini daidai, domin yanzu dole uba ya zauna ya karanta abin da aka rubuta game da tarbiyya da kula da yaran da Turanci ba shi ne harshensu na gida ba.

Wannan ne ya sa ban goyi bayan Altrincham ba a shekararku ta farko. Gaskiya ne ƙaramar hukumar Trafford, inda Altrincham take, tana da makarantun sakandare na zaɓaɓɓun ɗalibai da suka yi fice, amma da jarrabawa ake shiga, kuma ana rubuta ta ne a farkon ajin ƙarshe na firamare. Babbar 'yarka ta riga ta wuce wannan gaɓa. Za ka biya hayar da sunan waɗannan makarantu ya tsawwala, ba tare da ka mori abin da ya tsawwala ta ba. Ga nisa kuma: wajen mil takwas ne daga tsakiyar birni, kuma jirgin cikin gari na Metrolink ba ya bi ta ƙofar asibitocin titin Oxford, sai ka sauka ka sake hawa bas. Idan kun zauna kun ga ɗanka mai shekara bakwai yana da ƙoƙari, kuna da shekaru a gaba da za ku yi wannan lissafi. Didsbury ta fi kusa, akwai masallaci, akwai filayen shaƙatawa, sai dai tana cikin unguwannin da suka fi tsada a birnin, kuma albashin sabon zuwa ba ya son irin wannan gwaji.

Moston da Cheetham Hill kuwa a arewacin birni suke, asibitinka yana kudu, wato kullum sai ka ratsa tsakiyar gari. Cheetham Hill tana da masallatai da shagunan halal birjik. A Moston akwai shagunan kayan abincin Afirka inda Hajiya za ta samu manja da doya da garin rogo, amma kasancewar mutum ɗan Najeriya ba ya nufin zai zama maƙwabcin da za ta bar wa 'ya'ya idan ta je asibiti. Sau da yawa matan da za su fi riƙe ta su ne waɗanda take haɗuwa da su kullum a ƙofar makaranta da masallaci, ko 'yan Pakistan ne, ko 'yan Somaliya, ko Larabawa. Kayan miya kuma sayayyar sau ɗaya a mako ce, ba a kama gida dominta.

Da ni ne kai, da na fara dubawa a kudancin birnin, tsakanin Levenshulme da Burnage da Whalley Range. Duka suna da sauƙin isa titin Oxford, kuma Musulmi suna da yawa a cikinsu, a birnin da ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mazaunansa Musulmi ne, don haka hijabin Hajiya ba zai sa kowa ya waiwaya ba. Akwai sakandaren gwamnati ta 'yan mata zalla a Levenshulme, akwai wata a Whalley Range, akwai ta maza zalla a Burnage, abin da na san zai kwantar wa iyaye da yawa daga wajenmu hankali, in har an samu gurbi. Levenshulme tana da tashar jirgin ƙasa da ke kai mutum tashar Piccadilly ta tsakiyar birni cikin 'yan mintuna, ga bas mai lamba 192 da ke bin titin Stockport ba ƙaƙƙautawa. Ka yi hattara da Fallowfield duk da kusancinta da wurin aikinka, domin unguwar ɗaliban jami'a ce, kuma daren Juma'a da na Asabar ba na mai ƙananan yara ba ne. Kamar yadda ka sani a Badariya ko Bayan Kara, wani layin ya fi wani, to haka abin yake a can. Ka je layin da rana, ka sake komawa bayan isha'i, ka duba fitilun titi da tarin shara da irin mutanen da ke tsaye a kusurwa.

Idan ka shiga gidan kuma, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Yawancin gidajen waɗannan unguwanni tsoffi ne na jan bulo, manne da juna, kuma babban ciwonsu danshi ne. Ka ja labule ka duba gefen taga, ka leƙa bayan kabad, ka ɗaga kai ka duba kusurwar silin ɗin banɗaki. Idan ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo, ko hancinka ya ji warin funfuna a ɗakin da aka yi wa sabon fenti, ka fita. Kai likita ne, ba sai na yi maka bayanin abin da wannan ke yi wa ƙirjin yaro ba. A Rochdale, nan kusa da Mancesta, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a 2020, kuma binciken hukuma ya danganta rasuwarsa da funfunar gidan da suke haya. Ka nemi takardar da ke nuna ƙarfin gidan wajen riƙe ɗumi, mai daraja daga A zuwa G. Doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E, amma gida mai C zai rage maka kuɗin gas sosai a kan mai E. Ka kuma tambayi rukunin harajin ƙaramar hukuma na gidan, daga A zuwa H, domin ɗan haya ne ke biyan sa, kuma ba ya cikin kuɗin da dillali ke rubutawa a talla. Da yake ba ka da tarihin biyan haya a ƙasar, za a iya neman wanda zai tsaya maka, don haka ka tafi da takardar ɗaukar aiki mai nuna albashinka.

Autarku tana da haƙƙin awa 15 a mako na makarantar renon yara kyauta a lokacin zangon karatu, kamar kowane yaro mai shekara uku ko huɗu a Ingila. Ka nemi wadda ke cikin firamaren da yayanta zai shiga ko kusa da ita, don tafiyar Hajiya ta zama ɗaya, kuma waɗannan awoyi su ne za ta samu ta shiga ajin Turanci na manya ko ta fara koyon tuƙi. Kai ma lasisinka na Najeriya wata 12 kawai zai yi maka aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, daga nan sai ka ci jarrabawarsu, don haka ka nemi ranar gwaji da wuri, kuma kada ka kama gidan da rayuwa a cikinsa ba ta yiwuwa sai da mota.